Bayan An Tashi Daga Aji, Yaron Nan Yana Hannun Wa?

Da watan Satumba ya kama, damina ta fara ja da baya, za ka ga akwatin ƙarfe da katifa a naɗe da bokiti ɗaure a bayan motocin da ke tashi daga Mai'adua zuwa Daura. Daga can wasu su miƙe Katsina, wasu su yi kudu ta Kazaure zuwa Kano. Masu kayan yara ne 'yan shekara 11 ko 12, za su makarantar kwana. Da yawansu ba ta gwamnati za su ba, makarantar kuɗi ce, kuma akwai wanda sai da aka kai sa kasuwar Mai'adua ranar Lahadi kafin kuɗin zangonsa na farko ya haɗu.

Barin gida don neman boko ba baƙon abu ba ne a ƙasar Daura. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi firamare a Daura da Mai'adua, ya wuce Midil ta Katsina a 1953, sannan ya yi sakandaren lardi daga 1956 zuwa 1961. Kafin su akwai Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello, daga baya ta zama Kwalejin Barewa a Zariya. A wancan zamani hukuma ce ke zaɓen yaro, ta ciyar da shi, ta tufatar da shi. Da ɗalibai suka yi yawa, kuɗi ya gaza, ɗakunan kwana suka cika, sai masu hali suka fara duba wani wuri. Shi ya sa yau ake jin sunaye irin su Ulul Albab a Katsina, da Zaria Academy a Shika, da Nigerian Tulip a Kano. A Daura kuwa akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya, amma ita hanyar shigarta daban ce, ta jarrabawar bai-ɗaya da hukumar NECO ke shirya wa 'yan ajin ƙarshe na firamare a duk faɗin ƙasa.

Makarantar kuɗi ita ke tsara tata jarrabawar. Za ka sayi fom, kuɗin da ba ya dawowa ko yaro ya ci ko ya faɗi. A sa rana, galibi watanni kafin sabuwar shekarar karatu, a gwada shi a Turanci da Lissafi da tambayoyin auna kaifin ƙwaƙwalwa. Inda ake haɗa boko da addini a ƙara da karatun Alƙur'ani da ɗan Larabci. Wanda ya tsallake a kira shi intabiyu, sau da yawa tare da mahaifinsa. Sai takardu: ta haihuwa, shaidar firamare, hotuna, da ta asibiti mai nuna rukunin jini da ko yana da sikila ko asma. Wannan ta ƙarshen kada a ɓoye komai a cikinta don tsoron a ƙi ɗaukar yaro. Ranar da ciwon zai tashi cikin dare, takardar nan ce kaɗai za ta yi magana a madadinsa.

Ba kowace jarrabawa ce rariya ba. A makarantar da masu nema suka fi gurbi yawa, ana tacewa da gaske. A wata kuwa al'ada ce kawai, duk wanda ya zauna ya ci, domin gado ba ya son zama ba kowa. Yaron da ya fito daga firamaren gwamnati a ƙauyen Mai'adua ko Zango ko Sandamu, wanda da Hausa aka koyar da shi kusan komai, in aka ce ya ci jarrabawar Turanci tsantsa ba tare da wani gyara ba, to ka tambayi shugaban makarantar me za su yi masa a zangon farko. Haka wanda ya fara lakwal a Nijar, tsallaken iyakar Kongolam, inda ya saba da Faransanci. Irin waɗannan yara ba daƙiƙai ba ne, harshe ne ya tsaya musu a gaba, kuma in ba a zauna da su ba sai su shekara suna kwafar allo ba su san me suke rubutawa ba.

Akwai kuma gaggawar da iyaye ke yi, a cire yaro daga aji huɗu ko biyar a tura shi sakandare don a ce yana da ƙoƙari. Ka yi lissafi. Sakandare shekara 6 ce. Wanda ya shiga yana da 9 zai fita yana da 15, alhali shekarun da aka tsayar na shiga jami'a 16 ne. Kafin ma a kai can, ɗan shekara 9 bai iya wanke kayansa su fita ba, balle ya kare kwanonsa a layin abinci.

Batun kuɗi a taƙaice yake, amma shi ke kayar da mutane. Shekara 6, zango uku-uku, zango 18 ke nan. Abin da aka rubuta a takardar farko bai haɗa da yunifom da littattafai da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai da rajistar WAEC da NECO ba, sai an ce ya haɗa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abinci da man janareta suka hau, kuɗin makarantun ma suka bi su. Wanda ƙarfinsa na zango uku ne kacal, gara ya sa ɗansa a ta jeka-ka-dawo mai kyau ya zuba masa ido, da ya kai shi ya cire shi a tsakiyar hanya. Kafin ka biya ko sisi kuma, ka nemi ganin takardar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha, ka tambaya ko makarantar tana da lambar cibiya ta WAEC da NECO a cikin harabarta. In amsar ita ce "muna kai su wani wuri su rubuta", ka yi hattara. Ka fi yin hattara in an yi maka alkawarin cewa kowa zai fita da kiredit tara.

Duk wannan bai kai ga ainihin abin da kake saye ba. Darasi yana ƙarewa wajen ƙarfe biyu na rana. Malamin Lissafi zai hau babur ɗinsa ya tafi gida. Daga nan har kararrawar safe, sa'o'i kusan 18, ɗanka yana hannun wasu mutane, kuma su ne makarantar kwana. Aji kam ko a ta jeka-ka-dawo akwai shi.

Ranar ɗan kwana tana farawa kafin asuba: layin ruwa, wanka, salla, shara, koko ko shayi, sai taron safe. Bayan aji a ci abinci, a ɗan kishingiɗa, la'asar a yi wasa ko Islamiyya, bayan isha'i a koma aji karatun dare, wanda ɗalibai ke kira firef, sannan a kashe fitila. A takarda tsari ne mai kyau, kuma inda ake bin sa yaro yana fitowa da abin da gida bai cika bayarwa ba. Ya iya tashi ba a tashe shi ba, ya iya tattalin sabulu da sukari su kai shi wata guda, ya yi abokai daga Funtuwa da Gumel da Azare waɗanda za su yi zumunci har tsufa. Ban raina wannan ba ko kaɗan.

Amma wa ke kwana a ɗakin? Nan ne maganar take. In babban mutum, hausmasta ko metiron, yana kwana kusa da yaran, yana zagayawa da tocila, to akwai doka. In kuwa gidansa yana can nesa, an bar ɗaki a hannun firifet ɗan shekara 17, to mulkin siniyoyi ne. Ɗan aji ɗaya shi ne mai ɗebo ruwa, mai wanki, mai guga. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da madarar da uwa ta ƙulla masa, kafin mako ya zagayo sun koma akwatin wani. Wanda ya kai ƙara a ce masa munafuki, a jira dare. Wasu iyayen da suka yi kwana a da sukan ce ai haka aka yi mana, shi ke sa yaro ya yi ƙwari. Ni ban yarda ba. Shara da wanke kwano horo ne. Duka da ƙwace da abin da ya fi su muni, wanda yaro ba zai iya buɗe baki ya faɗa wa mahaifinsa ba, waɗannan ba horo ba ne, kuma tsadar makaranta ba ta hana su.

Saboda haka ranar da ka je, in an gama nuna maka ɗakin kwamfuta da fentin ofis, ka ce a kai ka ɗakin kwana. Ka ƙirga gadaje, ka dubi tagogi, domin da bazara ta yi zafi cunkoso da rashin iska su ne abokan sanƙarau. Ka leƙa makewayi. Ka buɗe famfo ka ga ko ruwa zai zo. Ka shiga kicin lokacin da ake rabo, ba lokacin da aka shirya maka ba. Ka tambayi ɗakin shan magani: akwai ma'aikacin jinya da dare? Akwai mota in abu ya yi tsanani? Wane asibiti ake kai su, kuma a wane mataki ake kiran iyaye?

Tsaro ma dole a tambaye shi ido da ido. Ranar 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, a nan jiharmu ta Katsina. Kada wani ya ce ai ta gwamnati ce: a watan Yulin 2021 an ɗebi ɗalibai sama da 100 daga Bethel Baptist a jihar Kaduna, ita kuwa mai zaman kanta ce. Makarantar da aka gina a bakin daji don fili ya fi araha, da wadda ke cikin gari kusa da jami'an tsaro, ba ɗaya suke ba.

Bayan an kai yaro, ranar ziyara kada ta ƙare a buɗe kular shinkafa da ɗaukar hoto. Hajiya, ki ja shi gefe inda ba malami ba siniya. Ki dubi wuyansa da idonsa, ki ga ko ya rame fiye da kima, ko yana zabura in wani babba ya gifta. Ki ce ya buɗe akwati. Ki tambayi bokitinsa da takalminsa da gidan sauronsa. In ya ce sun ɓace, kada ki fara da faɗa, ki tambaye shi a hankali wa ke kwana a gadon da ke kusa da nasa, kuma ajinsa nawa.