Baƙin Hunturu a Bakin Bahar Azrak: A Kalla, Kada a Tsinta

Da zarar iskar sanyi ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, lokacin da manoman Wad Haddad ke shuka alkama a hawasha, wato gonakinsu, sai tsuntsayen ruwa su cika bakin kogin Bahar Azrak da manyan tur'o'in ban ruwa. Dinya da kirinjijiya 'yan gida ne, kowa ya san su. Amma ƙananan agwagin nan masu tashi rututu, da mai doguwar wutsiya kamar tsinke, da rahu mai ruwan toka da ke kiwo a karan dawa, baƙi ne daga Rasha da Kazakistan da gabashin Turai. Tafkunansu ne suka daskare, abinci ya yanke, suka keto dubban kilomita, kuma wajen watan Maris za su juya. Madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925, ta samar musu kwantaccen ruwa, haka ma fadamun gandun dajin Dindir da aka keɓe tun 1935.

Kallonsu ba ya cin ko sisi. Ka fita bayan asuba, rana na bayanka, ka zauna nesa a gindin itace ka yi shiru. Su da kansu za su matso.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ganima. Yaro ya tsinci agwagwa a mace, ko tana layi ta kasa tashi, ya kawo gida da murna, uwa ta fige ta jefa a tukunya. 'Yan uwa, lafiyayyen tsuntsun daji ba ya tsayawa a kama shi da hannu. A watan Afrilun 2006 an tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a gonakin kaji na Khartum da nan Jazira, kuma tsuntsayen ruwa na iya ɗaukar ƙwayar cutar su zubar da ita a kashinsu. Idan ba ciwo ba ne, to guba ce: maganin feshin auduga da ya gangara tur'a, ko hatsin da wani maras imani ya jiƙa da shi don ya kwashi nama a banza. Dahuwa ba ta kashe irin wannan guba.

Sai kuma tsargiya. Tur'o'in Jazira sun yi ƙaurin suna da ita, kuma yaron da ya tsunduma cikin ruwa bin agwagwa, dodon koɗi ne zai sakar masa tsutsar da ke ratsa fata. In kun ga jini a fitsarinsa, asibiti za a kai shi, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa.

Kaji da agwagin gida a tsare su a hana su kiwo a inda baƙin ke sauka. In aka ga mushe da yawa wuri ɗaya, kada a taɓa da hannu, kada a bar kare ya ja. A gaya wa shehin gari, shi kuma ya kira likitan dabbobi.