Yarda da kai na tsare lafiyar iyali

A ƙauyukan Tasawa da Mayahi, jinkiri na cikin abubuwan da ke kashe yara. Uwa ta ga jikin ɗanta ya yi zafi, amma tana tsoron magana. Tana jiran mai gida ya dawo daga gona. In ta je likita, kunya ta hana ta faɗin abin da ta gani. Masassarar cizon sauro kuwa ba ta jira. Cikin kwana biyu tana iya kada yaro.

Yarda da kai na zuwa daga sani da ɗan abin hannu. A shekarar 1991, ƙungiyar CARE ta soma asusun Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi. Kowane mako mata suna taruwa, suna zuba kuɗi, suna ranta wa juna. Wadda ke da kuɗin amalanke ba ta kwana da yaro maras lafiya a gida. Wadda ta saba magana cikin taro ba ta jin nauyin malamin likita.

Karatu ma haka yake. Wadda ta shiga makarantar yaƙi da jahilci tana karanta ranar allurar rigakafi da kanta. Tana auna damtsen ɗanta da abin awo mai launi uku. In ya nuna ja, tamowa ce mai tsanani, sai likita ran nan.

Maigidan da ya saurari matarsa ya taimaki ɗansa. Matambayi ba ya ɓata.