Turaren Kwaikwayo da na Asali: Ina Bambancin Yake?

Gabatarwa
Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kure da ke Minna zai tarar da kwalaben turare jere a shaguna da tebura, masu ƙamshi irin na manyan kamfanonin Turai, amma farashinsu bai taka kara ya karya ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ya raba su da na asali, domin mai saye ya san abin da kuɗinsa suka saya masa.

Yadda Ake Kwaikwayon Turare
Kamfanoni kan sa turaren asali a cikin wata na'ura da ke rarrabe sinadaran da aka haɗa shi da su, sannan masana su sake haɗa makamancinsa da kaya masu sauƙin kuɗi. A shekarar 2006 babbar kotun Faransa ta yanke hukuncin cewa dokar haƙƙin mallakar fasaha ba ta kare ƙamshi, sai dai suna da tambarin kamfani suna da tasu kariyar. Misali, turaren Aventus na kamfanin Creed ya fito a 2010, sai kamfanin Armaf na Dubai ya fitar da Club de Nuit Intense Man a 2015. Ƙamshinsu ya yi kusa ƙwarai, amma kuɗin na farkon ya ninka na biyun kusan sau goma.

Inda Bambancin Yake
Ƙamshin turare hawa uku ne. Na farko shi ne wanda hanci ke fara ji, kamar na lemo, kuma ba ya wuce 'yan mintoci. Na tsakiya galibi na furanni ne irin su wardi. Na ƙarshe, kamar sandal da almiski da ud, shi ke kama jiki na sa'o'i. Masu kwaikwayo sukan fi ba hawan farko ƙarfi, tunda da shi ake jawo mai saye. Bayan awa biyu ko uku ne ake gane inda suka rage kaya, musamman a zafin Minna na watannin Maris da Afrilu, lokacin da ƙamshi ke saurin tashi.

Duk da haka, tsada ba ita ce inganci ba. Kaso mai yawa na kuɗin turaren asali yana tafiya ne ga talla da kwalba da sunan kamfani. Akwai na kwaikwayon da ya fi na asalin daɗewa a tufafi.

Kwaikwayo Ba Jabu Ba Ne
Na kwaikwayo yana ɗauke da sunan kamfaninsa. Jabu kuwa satar suna da kwalbar wani yake yi, ba a san mai haɗa shi ba, balle abin da ke ciki, kuma yana iya jawo ƙaiƙayi ko ƙuraje. Saboda haka a riƙa duba lambar rajistar hukumar NAFDAC.

Kammalawa
Ga ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi, turaren kwaikwayo na sanannen kamfani ba abin kunya ba ne. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin lura shi ne kada a yanke hukunci a bakin shago. A fesa a wuyan hannu, a gama cefane, sannan a sake sunsunawa kafin a ciro kuɗi.