Gurbin Da Babu Kome: Ƙaramin Sakaci Mai Jawo Babbar Hasara

A ranar Alhamis, 12 ga watan Yuni, 2025, ayyukan Google Cloud suka tsaya cik a sassa da dama na duniya har na tsawon sa'o'i, kamfanonin da suka dogara da su kuma suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Rahoton da kamfanin ya fitar ya nuna cewa wata manhaja ce ta tarar da gurbi babu kome cikin bayanan da aka ba ta, alhali ba a tanadar mata abin yi ba in haka ta faru. Masana suna kiran wannan rashi da suna "nul", watau nuni zuwa ga abin da babu shi.

Duk ma'aikacin da ya san ofishin rajista zai gane matsalar. A ce an ƙera kanta mai gurabe 40 domin fayilolin ma'aikata 40, aka lambata kowane gurbi, amma ba a buɗe fayil ko ɗaya ba. In aka aiki masinja ya ɗauko na bakwai, hannu wofi zai komo. Shi masinja zai yi bayani. Ita kuwa manhaja sai ta faɗi nan take.

Haka abin yake a harsunan Java da C#. Idan mai rubuta manhaja ya nemi jeri na ɗalibai 40, kwamfuta za ta keɓe gurabe ne kawai, daga lamba 0 zuwa 39, kowanne ɗauke da nul. Abin da ke ruɗin masu koyo shi ne, jerin alƙaluma yakan zo da sifiri a kowane gurbi, a yi lissafi da shi lafiya lau, sai su ɗauka jerin abubuwa ma haka yake.

Maganin bai da wuya. Da zarar an kafa jeri, sai a bi gurabensa ɗaya bayan ɗaya, a ƙirƙiri sabon abu a kowanne. A nan ma akwai tarko: umurnin da ke cike jeri gaba ɗaya da abu guda yakan sa duk gurabe su nuna fayil ɗaya, in an gyara sunan ɗalibi guda sai na sauran 39 su sauya. In ba a san adadi ba tun farko, gara a yi amfani da jeri mai ƙaruwa. Bayanan da suka zo daga waje kuwa, lalle a bincika su kafin a taɓa.

Asalin nul na komawa ga Tony Hoare, masanin nan na Ingila, wanda ya shigar da shi harshen ALGOL W a 1965 saboda sauƙin yinsa. A wani taro a Landan cikin 2009, ya nemi afuwa, ya kira shi kuskuren dala biliyan ɗaya. Harshen Kotlin yana buƙatar a faɗi abin da za a sa a kowane gurbi, ko a bayyana cewa an yarda da nul. C# ya samu tsarin gargaɗi a 2019, amma sabon jeri maras kome yakan wuce shi salin-alin.

Saboda haka, wajibi ne ɗalibai su saba da cike jeri tun ranar farko, ma'aikatun da ke karɓar manhajar albashi ko ta jarrabawa kuma su gwada ta da takardun da aka bar wasu gurabensu fayau kafin su sa hannu. Rigakafi dai ya fi magani.