Sankarar Nonon Kyanwa da Abin da Tsokarta Ke Bayyanawa

A garuruwan noma na kudancin Kano, daga Bebeji da Ƙiru zuwa Tudun Wada da Doguwa, inda ake tara masara da shinkafa a rumbuna da ɗakunan ajiya, kyanwa ce ke tsare hatsi daga ɓarnar ɓera, amma da wuya a kai ta wurin likitan dabbobi kamar yadda ake kai saniya ko tunkiya. Wannan sakaci yana da tsada, domin sankarar nono tana cikin sankarori uku da suka fi kama kyanwa, musamman wadda ta kai shekara 10 zuwa 12, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a nononta mugu ne, mai saurin bazuwa zuwa kaluluwa da huhu.

Idan aka yanko tsokar ƙarin aka rina ta a ɗakin gwaji, masana suna neman wasu alamomi. Na farko su ne makarɓan homon, wato wurare a cikin ƙwayar halitta da sinadaran mace, istirojin da furojestaron, ke maƙalewa kamar makulli a kwaɗo, su umarci ƙwayar da ta hayayyafa. A jikin 'ya mace yawancin sankarar nono tana ɗauke da makarɓin istirojin, shi ya sa maganin tamoxifen, wanda ke toshe shi, yake ceton rayuka. A jikin kyanwa kuwa mafi yawan miyagun ƙari sun rasa wannan makarɓi, don haka maganin ba ya samun abin kamawa, kuma wannan kamanceceniya da nau'in sankarar mata mafi tsanani ita ce ta sa masu bincike suke ba kyanwa muhimmanci. Ana kuma duba furotin HER2, da wani enzayim mai suna COX-2; enzayim sinadari ne da ke hanzarta wani aiki a jiki, shi kuma wannan yana da hannu a kumburi, kuma yawansa a cikin ƙari yana tafiya da gajeren kwana.

Duk da haka homon ne ke share wa cutar fage tun farko. Wani bincike na Jami'ar Pennsylvania a Amurka da aka buga a 2005 ya nuna cewa cire wa kyanwa ma'ajiyar ƙwai kafin ta cika wata shida yana rage haɗarin da kashi 91 cikin 100, kafin shekara ɗaya kuwa da kashi 86, alhali magungunan hana ɗaukar ciki masu kama da furojestaron ƙara haɗarin suke yi.

Gwajin tsokar ƙari aikin manyan ɗakunan bincike ne, amma ma'auni mafi amfani yana hannun mai gida, wato girman ƙarin. Kyanwar da aka yi wa tiyata ƙarinta bai kai santimita 2 ba takan rayu shekara uku ko fiye, wadda nata ya wuce santimita 3 kuwa ba kasafai take cika shekara ba. Saboda haka duk mai kyanwar da ta manyanta ya riƙa shafa nonuwanta takwas lokaci zuwa lokaci, idan ya ji ƙullutu ko da kamar ƙwayar wake ne, ya nemi likitan dabbobi mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, tun ƙarin bai fashe ya zama gyambo ba.