Ƙasar Girka: Abin da Baƙo Zai Taras a Mahaifar Yunanawa

Ƙasa ɗaya ce, amma sunayenta uku, kuma kowane suna yana nuna ƙofar da mai kiransa ya biyo ya san ta. Ɗan makarantar boko ya san ta da Girka, sunan da ya samo asali daga bakin Rumawa, Turawan Ingila suka gada suka kawo. Almajirin zaure kuwa, wanda karatunsa ya kai ga manɗiƙi ko ɗibbu, da Yunan ya san ta, domin haka littattafan Larabci ke kiran ƙasar su Aflatun da Aristo da Buƙrat. Wannan suna daga Iyoniya ya fito, wato gaɓar tekun da ke yammacin Turkiyya ta yau, inda Farisawa suka fara saduwa da mutanen. Su kansu masu ƙasar ba sa amfani da ko ɗaya daga cikin biyun. Elada suke ce mata. Matafiyin da ya tafi da nufin ya ga Yunan ta littafi kaɗai, lalle zai ga kangayenta, amma zai wuce abubuwa da yawa bai lura ba, don tsakanin waɗancan masu hikima da mutanen yau akwai shekaru fiye da 2,000.

Girka tana kudu maso gabashin Turai, ta miƙa ƙafa cikin Bahar Rum. Daga arewa ta yi iyaka da Albaniya da Makidoniya ta Arewa da Bulgariya, daga gabas kuma da Turkiyya. Faɗinta kamar murabba'in kilomita 132,000 ne, mutanenta kuwa sun ɗara miliyan 10 kaɗan bisa ƙidayar shekarar 2021. Abu biyu ne ido zai fara cin karo da su: dutse da ruwa. Wajen kashi huɗu cikin biyar na ƙasar tsaunuka ne, mafi tsawonsu shi ne Olimfas, wanda ya haura mita 2,900, wanda mutanen dauri suka ɗauka gidan gumakansu ne. Abin da dutse ya bari kuma teku ta keta shi, ta yayyanka shi tsibiri tsibiri har dubbai, ko da yake waɗanda ke da mutane ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba. Wannan ƙira ita ta sa a zamanin da ba a taɓa yin wata ƙasa guda mai suna Girka ba. Birane ne barkatai, kamar Atina da Isfarta da Korinti, kowane a cikin kwarinsa da dokokinsa da rundunarsa, harshe da addini da wasannin Olimfiya kawai suka haɗa su. Ƙarancin ƙasar noma kuma ya tura su kan ruwa, har yau kuwa Girkawa suna cikin manyan masu jiragen dakon kaya na duniya.

Bahaushen da ya saba da damina a watan Agusta sai ya juya lissafinsa. A can ruwan sama da sanyi suke zuwa tare, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Yuli da Agusta kuwa rana ce tsagwaronta, ga wata iska mai ƙarfi daga arewa, Meltemi, wadda takan hana jiragen fito tashi. Mayu ko Satumba sun fi daɗin tafiya.

Galibi a Atina baƙo yakan fara sauka, kuma ko'ina ya tsaya cikin birnin zai hango wani tudun dutse a tsakiya, Akrofolis, da wani gini mai ginshiƙai na farin dutse a kansa. Wannan shi ne Fartenon, kuma wanda ya fahimci labarinsa ya kama zaren tarihin ƙasar. An gina shi tsakanin shekarar 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, a zamanin Ferikilis, don gunkiyar birnin, Atina. Da Kiristanci ya kafu a daular Rumawan gabas sai aka mai da shi majami'a, ya yi ƙarnuka a haka. Da Turkawan Daular Usmaniyya suka ci birnin a tsakiyar ƙarni na 15 sai ya zama masallaci, aka yi masa hasumiya. Duk wannan canjin hannu bai rushe shi ba. Abin da ya rushe shi yaƙi ne: a shekarar 1687 sojojin Benis suka kewaye tudun, alhali Turkawa sun ajiye albarushi a cikin ginin, harsashin igwa ya faɗa ciki, rufin da tsakiyar ginin suka tarwatse. Daga 1801 kuma jakadan Ingila a Istambul, Lord Elgin, ya sa aka ciccire sassaƙe-sassaƙen jikinsa aka kai Landan, inda suke har yanzu. Girkawa sun buɗe sabon gidan kayan tarihi a gindin tudun a 2009, suka jera abin da ya rage musu, suka cike gurbin na Landan da kwaikwayonsu, don duk mai ziyara ya ga abin da ake bin bashinsa.

Sai dai kuma akwai abin da ya kamata baƙo ya sani. Fes ɗin da zai ga tudun ba haka tarihi ya bar shi ba. Bayan yaƙin neman 'yanci da aka fara a 1821, manyan ƙasashen Turai suka amince da sabuwar ƙasa a 1830, aka mai da Atina babban birni a 1834, tana ɗan gari mai 'yan dubban mutane. Sabbin mahukunta, saboda ɗokin haɗa kansu da kakanni na dauri, suka share gidaje da ƙaramin masallacin da ke kan tudun. Wanda ke son ganin sawun Turkawa sai ya gangara kasuwar Monastiraki, inda masallacin da aka gina a 1759 yake tsaye, ko da yake ba a salla a cikinsa. Sai a 2020 Atina ta sami masallacin da hukuma ta gina ta buɗe.

Dalilin ƙarancin Musulmi a ƙasar ya fi bayyana ga wanda ya nausa arewa zuwa Tasalonika, birni na biyu, wanda bai shiga hannun Girka ba sai 1912, kuma a nan aka haifi Mustafa Kamal, uban Turkiyya ta zamani. A 1923 ƙasashen biyu suka yi musayar jama'a. Kiristoci fiye da miliyan ɗaya suka baro Turkiyya, Musulmi wajen 400,000 suka bar Girka. Da addini aka auna, ba da harshe ba, saboda haka aka kwashe Musulmin Kirit waɗanda Girkanci ne harshen uwarsu, aka kawo Kiristocin da ba su iya komai ba sai Turkanci. Musulmin Tirakiya ta Yamma ne aka bari a gidajensu, har yau suna nan da masallatansu.

Ga ɗalibin harshe kuwa, allunan kan titi ma abin nazari ne. Baƙaƙen Girkanci 24 ne, daga na Finikiyawa aka aro su, wato kakansu ɗaya da na Larabci. Mai ajami ya ji alfa da bita da delta, ai zai tuna da alif da ba da dal. Sabon abin da Girkawa suka kawo shi ne ba wasula haruffa nasu na kansu. Haka kuma sun sha doguwar jayayya kan wane irin Girkanci za a riƙa rubutawa: Katarebusa, wanda malamai suka gyara don ya yi kama da na dauri, ko Dimotiki, na bakin jama'a. Abin ya wuce cacar baki, don a 1901 an yi tarzoma a Atina saboda an fassara Linjila da harshen kasuwa, har mutum takwas suka mutu. Sai a 1976 Dimotiki ya zama harshen hukuma da makaranta. Baƙo ya kiyaye abu guda: in Bagirke ya ce "ne", to ya amsa da i ke nan, in kuma ya ɗaga haɓa sama ya yi ɗan tsaki, a'a yake nufi, ba raini ba ne.

Daga tashar Fireyas jirage ke tashi kullum zuwa tsibirai. Kirit ce babba, inda kangon fadar Kinosos yake, wadda ta girmi Fartenon da shekaru sama da dubu. Lesbos kuwa tana dab da Turkiyya har ana hango gaɓar, ta nan dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira, yawancinsu daga Siriya, suka tsallako Turai cikin kwale-kwalen roba a 2015. Abinci ko'ina kusan ɗaya ne: burodi da man zaitun da cukun tumaki da kifi. Amma gasasshen naman tsinke da ake sayarwa a bakin titi, mai kama da tsire, galibi na alade ne, don haka Musulmi ya tambaya kafin ya miƙa kuɗinsa.