An Biya Kuɗin Fansa, Amma Wa Zai Duba Ƙwaƙwalwar Wanda Ya Dawo?

A Safana da Batsari, inda gonaki suka yi iyaka da dajin Rugu, an san yadda ake tarbar wanda ya kuɓuta daga hannun 'yan bindiga. A yi masa barka da arziki, a kai shi asibiti a duba ƙafafunsa da suka kumbura, a ƙara masa ruwa, a yi sadaka. Kwana biyu kowa ya kama gabansa. Shi kuwa barci ya ƙaurace masa. Babur ya gifta da dare, sai ya zabura yana neman hanyar gudu. Wata kuma ta yi shiru, ɗanta na kuka a gabanta ba ta ko kallonsa. Sai a ce iska ce, ko sammu aka yi.

Likitoci sun san wannan ciwo: firgicin da ke biyo bayan bala'i, wanda sau da yawa yakan zo tare da ciwon damuwa. Yana da magani a hannun likitan ƙwaƙwalwa, wato cikakken likita da ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a kan cututtukan hankali. Ba don wanda ya tuɓe yana bin bola kaɗai aka yi shi ba.

Sai dai samun irin waɗannan likitoci aiki ne. Ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma galibinsu suna birane. Mutumin Runka ta Safana ba zai tarar da ɗaya a garinsu ba. Abin yi shi ne a fara da asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Dutsin-Ma, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ake gani, a nemi takardar zuwa sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato.

Me ake yi a ɗakin likita? Hira ce, kuma takan yi tsawo. Yaushe abin ya fara? Yana barci? Yana cin abinci? Yana jin muryoyin da wasu ba sa ji? Yana shan taramol ko wiwi? Ya taɓa tunanin kashe kansa? Tambayar ƙarshen nan takan yi wa dangi nauyi, amma ɓoye amsarta ya fi haɗari. A je da wanda ke kwana gida ɗaya da mara lafiya, ba wai babban dangi da ya zo rakiya don girmansa ba. Akan yi gwajin jini, domin zazzaɓi mai tsanani da farfaɗiya sukan rikita hankali su ma. Akasarin mutane a ranar suke komawa gida. Wanda ake tsoron zai cutar da kansa ko wani shi ake ba gado.

A wurin shan magani ake yawan faɗuwa. Maganin damuwa yakan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, sai dangi su gaji su ce ba ya yi. Wasu kuma da sun ga sauƙi sai su ajiye, ciwo ya dawo sabo. Wani maganin yakan sa wuya ya sandare, hannu na rawa, miyau na zuba. Wannan ba ƙaruwar hauka ba ce. A koma wurin likita ya rage ko ya canza.

Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti. Ɗauri da duka ne ba magani ba. A watan Oktoban 2019 'yan sanda sun fito da mutane cikin sarƙa daga gidajen mari a Daura da Katsina. A Janairun 2023 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mara lafiya daga wulaƙanci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP tun 2008, na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan cututtuka da fara maganinsu. Shi ya kamata gwamnatin Katsina ta kai kowane asibitin da ke bakin daji. Kafin nan, mai karatu, duk wanda ka ji yana cewa ya gaji da duniya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.